Ranar da 'Yan Tsatsa Suka Shiga Tele

A duk faɗin Yekuwa babu wanda ya kai Ƙasimu Gita gashi, babu kuma wanda ya kai shi baki. Shekara biyu ya yi a Tamanrasat ta Aljeriya yana wanke kwanuka a wani gidan abinci inda samari ke taruwa suna kaɗe-kaɗe. Ya dawo gida da tsohuwar gita mai aiki da kuran, wato lantarki, da akwatin ƙara sauti da yake kira ampili, da rantsuwar cewa aska ba za ta sake taɓa kansa ba. Shekara bakwai ke nan gashin yana tsiro abinsa, ya murɗe ya yi igiya-igiya har kafaɗa. Matarsa Fadi ta ce ta taɓa tsintar allurarta a ciki, bayan wata biyu tana zargin yaran maƙwabta.

Kiɗan da ya zo da shi sunansa rok, amma kada ka kuskura ka tsaya a nan. "Rok iri biyu ne," in ji shi. "Akwai na kowa da kowa, akwai na masu tunani, wanda ba kowane kunne ke ɗauka ba. Namu ke nan." Ya kafa orkes, wato ƙungiyar makaɗa, ya raɗa mata suna 'Yan Tsatsa. Sau uku ana gayyatar su biki, sau uku ana raka su bayan gari tun ba a raba goro ba. A na ƙarshen akuyar uwar amarya ce ta yi ɓari.

Wata ranar Laraba da hantsi ana zaune a rumfar butik ɗin Malam Abdu mai kanti, inda tele ɗaya tilo ta unguwar take, Ƙasimu ya kurɓi shayi ya yi tsaki.

"Ni fa a Aljeriya har gajiya na yi da shiga tele. In na fito titi, yara sai nuna ni suke yi."

Isufu wanzami yana gefe. Taubashin Ƙasimu ne, kuma duk lokacin da ya kalli wannan kai sai tafin hannunsa ya kama ƙaiƙayi.

"A nan ma ai suna nuna ka," in ji Isufu. "Ba ka ji abin da suke cewa ba ne."

"Kifin rijiya! Kai me ka sani ban da ƙaho da cire beli?"

"Na san gani ya kori ji. Ga tele nan, shiga mu gani."

Baki shi ke yanka wuya. Ƙasimu ya miƙe, ya dafa akwatin telen kamar mai dafa kan maraya.

"Ku shaida. Kafin kakar nan ta ƙare za ku ga fuskata a cikin akwatin nan, gita a hannuna. In ban cika ba, Isufu ya aske kan nan a bainar jama'a."

"Fuska a tele, gita a hannu," Malam Abdu ya maimaita yana lanƙwasa yatsu biyu. "Mun shaida."

Tun daga ranar Isufu ya canja hanyar zuwa masallaci. Sai ya bi ta ƙofar gidan Ƙasimu yana wasa aska a tafin hannu, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar gashi, sannan ya wuce. Ƙasimu yana dariya a fili, amma a ɓoye abin ya dame shi ƙwarai. Gashin nan shi ne kaɗai shaidar cewa ya taɓa zuwa wani wuri ya zama wani abu. In aka aske, sai ya koma Ƙasimu ɗan gidan Ƙande mai ƙuli-ƙuli, ba ƙari.

Ana cikin haka sa'a ta faɗo. Akwai wani gidan tele na Damagaram mai shiri duk mako da ake kira Gona da Garke. Sukan je kasuwar ƙauye su kafa kamera, a nuna kai tsaye, a yi maganar taki da allurar dabbobi, a ƙarshe wani tsoho ya kaɗa gurmi a hankali na minti uku. To, ɗan-karkare ya kama yatsan tsohon, shirin kuma zai sauka kasuwar Guci. Ƙasimu ya samo lambar mai gabatarwa, wata Madam Gimbiya, ya hau tudun da ake samun rezon waya ya kira.

"Kiɗan gargajiya kuke yi?" ta tambaya.

"Gargajiyar gaba, Madam."

"Gurmi ne?"

"Yayan gurmi ne. Mai tsirkiya shida."

"Bon, shi ke nan. Minti uku, a hankali. Waƙar da za ta ƙarfafa wa manoma gwiwa."

"Ita muka fi iyawa," in ji Ƙasimu.

Saura matsala ɗaya. Makaɗin gangar 'Yan Tsatsa ya tafi cin rani Kano, ya bar Ƙasimu da Ya'u mai gitar ƙasa, wadda ke da kaurin murya, wani dogon saurayi da ba ya magana sai in an taka shi. Dole aka lallaɓo Baba Kyari, tsohon makaɗin noma da aka daina kira gayya tun da shanun huɗa suka yawaita. Aka jera masa ganguna biyu da murfin tukunya a kan sanda, a bayan rumbun Ƙasimu.

"Baba, saurara da kyau. Wannan kiɗan ni na ƙirƙiro shi da kaina a Tamanrasat." Ƙasimu ya kaɗa masa da baki yana buga cinya.

Baba Kyari ya ajiye makaɗi a hankali.

"Sake, in ji."

Ya sake.

"Yaro, wannan ba naka ba ne. Taken 'yan tauri ne na ƙasar Dungas, can wajen Guci. Da shi ake kiran su fili. Kana goye uwarka ta kai ka Guci ganin dangi, can kunnenka ya tsinto shi."

"Haba Baba! Wannan ko a Turai sai manyan birane."

"To, Turawan a Guci suka koya. Ni dai na faɗa maka, ba a kaɗa shi inda maza suke. Wanda ya sha maganin ƙarfe, in ya ji shi sai ya tsuma, ko a kan tabarmar suna yake."

"Wane ɗan tauri ya rage a zamanin telefon? Duk sun mutu, ko sun tuba. Kaɗa kawai, Baba. Ka ƙara sauri ma."

Baba Kyari ya ɗaga kafaɗa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar kasuwar Guci suka shiga motar 'yan kasuwa tun da sassafe. Ƙasimu ya sa rigar aikinsa, wata baƙar rigar leda da Fadi ta yi sati tana ɗinka mata tsoffin makullai da murafun kwalba da sarƙar keke, yadda in ya motsa sai ka ce jakin mai gwangwan ne ya yi tuntuɓe. Da yake fita ta ce masa, "Malam, in abin ya ɓaci, ka dawo min da makullin akwatina, yana kafaɗar hagu." A hanya wani bunsuru da aka ɗaure kusa da ampili ya cinye rabin wayar, Ya'u ya haɗa ta da haƙori.

An shimfiɗa darduma a ƙarƙashin wata tsamiya a bakin kasuwa, an kafa kujeru biyu da kamera. Madam Gimbiya mace ce mai natsuwa, irin wadda ko gobara ta tashi sai ta gama gaisuwa. Ta dubi gashin, ta dubi rigar, ta dubi murfin tukunya.

"Ku ne na gargajiyar?"

"Mu ne, Madam. Kamerar ta fi son wane gefen? Ni duk biyun suna da kyau."

Lokaci ya riga ya ƙure, babu damar neman wasu. Aka tsayar da su can gefe, inda kamera ba ta kaiwa, aka ce su jira.

Baƙon ranar Alhaji Ɗalha ne, dattijo mai farin gemu, shugaban ƙungiyar manoman wake, mutumin da in yana magana sai ka matso kafin ka ji. An kawo shi ya nuna yadda ake adana wake a buhun nan mai ciki uku, leda biyu da buhu a waje, wanda in an ɗaure iska ba ta shiga. Buhu biyu ne a gabansa, ɗaya cike, ɗaya an zuba masa ɗan wake a gindi an bar bakinsa buɗe. Alhaji ya yi bayanin shanya, ya yi na sheƙa, ya yi na tsince tsakuwa. Sau biyu Ƙasimu yana sulalowa ta bayan kujera don ya leƙa kamera, sau biyu ƙarar makullai tana tona masa asiri ana mayar da shi.

"Kafin Baba Alhaji ya nuna mana ɗaurin buhu," in ji Madam Gimbiya, "bari mu ɗan huta da kiɗan gargajiya."

Mai kamera ya fara juyowa. Ƙasimu ya murɗa ampili har ƙarshe, ya daki gita. Wata ƙara ta tashi wadda ta sa mai kamera ya zabura, kamerar ta kalli reshen tsamiya. Jemagu suka watse da rana tsaka. A karar dabbobi wani raƙumi ya tsinke dabaibayi. Ƙasimu ya sunkuyar da kai, gashi ya rufe masa fuska ruf, don haka masu tunani ke yi, ya ɓarke da waƙar ƙarfafa gwiwa:

"Na shuka gero, gara ta ci!
Na shuka gara, ba ta fito ba!
Komai banza ne, Ya'u, komai banza!"

"Banza," in ji Ya'u, don nan ne aikinsa.

Sai Baba Kyari ya saki ganga.

Alhaji Ɗalha yana zaune yana jan carbi. Da farko babban yatsan ƙafarsa ne ya fara rawa. Ya taka shi da ɗaya ƙafar. Sai gwiwa ta karɓa. Ya ce, "A'uzubillahi." Ya riƙe kujera da hannu biyu, kujerar ta kama rawa tare da shi. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya ajiye wuƙa, tun da ya sauke farali, har jikokinsa ba su san ya taɓa shiga fili ba.

"Baba Alhaji, ko a kawo ruwa?" Madam ta tambaya.

Alhaji ya yi wata kururuwa, hula ta yi sama, ya dira tsakiyar darduma.

"Sai ni Ɗalha na Guci, gagara maƙera! Wuƙa, ki gaida uwarki! Aska, koma gidan wanzamai! Ku ba ni ƙarfe!"

Kamera ta sauko daga tsamiya ta kafe a kansa, ba ta sake barin sa ba. Daga rumfar mahauta wani ƙato ya amsa, ya taho da gudu yana yanka cikinsa da wuƙar fawa, wuƙar tana lanƙwashewa. Mai gyaran keke ya taho yana tauna sipok, ƙarfen ƙafar keke. Wani mai awon gero ya bar mudu a hannun mai saye. Har wani mushen lakwal, malamin makaranta mai tabarau, ya tuɓe kwat ya ninke ta da kyau, ya ba wani ya riƙe masa, sannan ya kurma ihu. Kafin a ce kwabo maza goma sha ɗaya suna tsalle a gaban kamera, duk sun tuba, duk sun tsuma.

Ƙasimu ya yaye gashi ya ga taron, zuciyarsa ta yi fari.

"Ya'u! Ka gani? Haka ake yi a Turai! Sun gane kiɗan!"

Ya kutsa cikinsu da gita yana neman idon kamera. Ya leƙo ta dama, bayan mahauci ya tare shi. Ya leƙo ta hagu, mushe ya yi tsalle a gabansa. Ya durƙusa zai ɓullo ta tsakanin ƙafafu, aka taka masa gashi.

"Masu kallo," in ji Madam Gimbiya, murya ko gezau, "kamar yadda kuke gani, manoman Guci suna cikin ƙoshin lafiya."

Matsalar ɗan tauri in ya tsuma ita ce ƙarfe. Wuƙaƙe uku ne kawai a filin, maza kuwa goma sha ɗaya. Mahauci ya fizge murfin tukunya ya gatsa. Mushe ya lanƙwasa sandar mikro, abin maganar Madam, a wuyansa. Alhaji Ɗalha ya juyo ya ga tsirkiyar gita shida suna walƙiya.

"Kawo!"

"Baba Alhaji, wannan daga Aljeriya—"

"Ko daga Maka!"

Ya warce gitar, ya goga ta a ciki kamar mai zarto. Tsirkiya ta tsinke ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kuka ta cikin ampili. Ya'u ya lumshe ido ya ce, tun da aka kafa orkes ba a taɓa fitar da sauti mai kyan wannan ba. Ita ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar.

"Baba Kyari, tsaya! Don Allah tsaya!" Ƙasimu ya yi ihu.

"Ba a yanke shi a tsakiya, yaro! Sai an sauke su a hankali, in ba haka ba a kaina za su huce!" Tsohon yana faɗa yana murmushi har kunne. Shekara talatin rabon da maza su amsa masa ganga haka, ba shi da niyyar sauke kowa da wuri.

A nan ne mai gyaran keke ya lura da rigar.

"Ga ƙarfe nan yana tafiya da ƙafarsa!"

Suka yo kansa. Wannan ya cizgi makulli, wancan ya ja sarƙa, wani ya kama murfin kwalba da haƙori har da ɗan naman kafaɗa. Ƙasimu ya zame daga cikin rigar ya bar musu, ya rarrafa ta ƙarƙashin kujerar Madam. Gaba mutane, baya mutane. Abin da ya gani buɗe a duniya shi ne bakin buhun wake. Da yake shi siriri ne kamar kara, ya faɗa ciki ya dunƙule, ya ja baki ya rufe kansa.

Yana ciki yana jin ganga tana sassautowa. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Ya ji maza suna haki, ana ta istigfari, wani yana tambayar wa ya ga kwat ɗinsa. Ya ce a ransa bari ya ɗan ƙara jira, ƙafa ta ɗauke.

Alhaji Ɗalha kuwa ya wanke fuska, aka miƙo masa hula ya kaɗe, ya zauna ya gyara babbar riga. Muryarsa ta koma 'yar ƙarama kamar da.

"To, Madam, kamar yadda nake cewa, in wake ya cika buhu kamar wannan, sai a matse iska."

Ya jawo buhun da Ƙasimu ke ciki, ya ɗora masa gwiwa, ya danna da dukan nauyinsa. Buhun ya ce, "Wash."

"Kin ji iskar tana fita," in ji Alhaji.

Ya murɗe bakin leda ta farko ya ɗaure, ya kama ta biyu.

"In aka yi haka, duk ƙwaron da ke ciki, komai taurin kansa, ba ya daɗewa."

Buhun ya miƙe tsaye. Ya yi tsalle biyu, ya bangaje kujerar Alhaji, ya faɗi a gaban kamera yana birgima yana salati. Mata suka watse da tallarsu. Madam Gimbiya ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta ajiye takardarta, ta sunkuya ta kwance igiya.

Wani kai ya ɓullo ta gefe, jiƙe da gumi, wake maƙale a kowace igiyar gashi. Mai kamera ya matso da ita har kan ya cika akwati. Ƙasimu ya ja numfashi uku, ya buɗe ido, ya ga jar fitilar kamera tana kallon sa shi kaɗai. Duk wahalar ta gushe masa.

"Isufu wanzami!" ya yi ihu. "Ga fuskata! Ka gan ta dai!"

"Masu kallo," in ji Madam, "a duba buhu kafin a ɗaure. Mu kwana nan."

Washegari da la'asar ya sauka Yekuwa da singileti, gita ba tsirkiya a kafaɗa. Bai kai gida ba aka tare shi aka wuce da shi rumfar Malam Abdu. Ashe jiya gari ya taru a nan har bisa katanga, wata tsohuwa ma sai da aka yayyafa mata ruwa don dariya. Isufu yana zaune a tsakiya, ya shimfiɗa tabarma, ya jera asake, ga ruwa a ƙoƙo.

"Me ye haka?" in ji Ƙasimu. "Ba ku gan ni ba?"

"Mun gan ka," in ji Isufu. "Gitar ce muka gani a kan cikin Alhaji."

"Tawa ce ai!"

"A hannunka ka ce."

"Na riƙe ta! Minti guda cur ina kaɗawa!"

"Lokacin jemagu muke kallo."

Gardama ta kaure, rabin rumfa na bayan Ƙasimu, rabi na bayan aska. Aka ce Malam Abdu ya yanke, tunda shi ya riƙe alkawarin. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsu biyu.

"Abu biyu ya faɗa. Fuska a tele, ya cika." Ya lanƙwasa ɗaya. "Gita a hannu, bai cika ba. Zalunci ne a aske masa kai duka. Zalunci ne kuma a hana Isufu haƙƙinsa. A raba."

Aka yi kabbara. Ƙasimu ya duba ko'ina bai ga mai ceto ba. Fadi tana bakin zaure da mata, da suka haɗa ido abin da ta tambaya da hannu shi ne makullinta. Ya zauna a tabarma. Da Isufu ya jiƙa hannu ya dafa gashin nan na shekara bakwai, sai da idon Ƙasimu ya ciko.

"To, taubashi," in ji Isufu a hankali, "zaɓi ya rage naka. Wane gefe za a bari?"

Ƙasimu ya ɗago ya dubi jama'a. 

"Da na fito daga buhun, wane gefe kamera ta ɗauka?"

"Hagu," jama'a suka amsa baki ɗaya.

Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya miƙa wa aska dama.

"Bar hagun," ya ce. "Duniya ta riga ta san shi."